Yaron Da Ya Ce Gidan Kaka Yake So

Yau a yi haƙuri da ci gaban labari, akwai wata magana da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya san Badarawa da Shinkafi da Zurmi har zuwa Ƙauran Namoda, ya san 'yan bindiga sun bar mana marayu ba iyaka. Uwa ta fita takaba ta yi wani aure, yaro ya zama agola, ko kuma baffa ya zo ya ɗauke shi wai ɗa na dangin uba ne. Yaro ya yi ta kuka gidan kakarsa yake so, a ce masa marar kunya.

To ni a ganina yaron nan ya fi mu kusa da fiƙihu. Tun 2000 ake aiki da shari'a a Zamfara, kuma mazhabar Malikiyya muke bi. A Risala da Muhtasar, renon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwa ta rasu ko ta auri bare, reno ya koma hannun kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ko uban da ya haifa sai can baya yake zuwa a layi, balle baffa! Nasa shi ne ci da sha da sutura da kula da tarbiyya. Al'ada ce kawai ta juya mana abin, mu marubuta kuma muka yi ta zuba ta a littattafai kamar hukunci.

Sai dai a lura, Malikiyya ba ta ba yaro zaɓi kamar Shafi'iyya, inda ake tambayarsa in ya yi wayo. Kuma ba shi zai kai ƙara da kansa ba. Kakar ce za ta je Kotun Shari'a ta nemi haƙƙinta, alƙali ya duba lafiyarta da amanarta da tsaron inda take zaune, ya kuma tabbatar ba gida ɗaya take da uwar da haƙƙinta ya faɗi ba. In ba ta gamsu ba akwai ɗaukaka ƙara, har zuwa Gusau. Ga kuma dokar kare yara da tsohon gwamna Bello Matawalle ya sa wa hannu a 2022.

Na san za a ce tsohuwa sangarta jika take yi, ko ba ta da abin ciyar da shi. Sangarta dai gaskiya ne, an san hali. Amma ciyarwa ai ba kanta take ba, tana kan uba, in maraya ne kuma a fitar daga gadonsa. Abin da ya fi damuna, wani baffan ba yaron yake so ba, gonar marigayi da shanun da suka rage yake kallo.

Kafin a kai ga kotu, a fara da liman ko mai unguwa ko Hisba. Kuma don Allah a kira yaron gefe, inda babu idon baffa, a ji ta bakinsa.