Jirgin Da Ba Ya Hawa Layin Dogo

Tun 2001 kamfanin LEGO na ƙasar Denmak yake ƙera Hogwarts Express, jirgin ƙasan finafinan Harry Potter, a matsayin abin wasa. Na 2018, mai bulo 801, ya kwaikwayi jerin ƙafafun Olton Hall, kan jirgin Ingila na 1937 da aka ɗauki finafinan da shi, kuma yana tafiya a kan layin dogon kamfanin. Na 2022, mai bulo 5,129, ya fi shi kama da na asali, amma faɗinsa ya hana shi hawa wannan layin. Ni dai na 2018 nake ba iyaye shawarar saye. Yaro turawa yake so ya yi. Jirgin da ba ya hawa layi, komai kyansa, ado ne na kan kanta.