Minsharin Alhaji da Ɓerayen Ɗakin Gwaji



A labaranmu, in ana son a muzanta Alhaji mai tumbi, sai a sa shi minshari har amarya ta toshe kunne da filo. Mai karatu ya yi dariya, a wuce wurin. Ni dai ina ganin mun daɗe muna raha da ciwo. Akwai minsharin da ke yankewa: maƙogwaro ya toshe, numfashi ya ɗauke daƙiƙa goma ko fiye, sannan mutum ya zabura yana shaƙar iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Wani sai hakan ta faru da shi sau talatin cikin awa guda bai sani ba.

Da yawa daga abin da aka gano game da wannan lalura a jikin dabbobi aka fara ganinsa. A 1987 Joan Hendricks ta Jami'ar Fensilbaniya a Amurka ta nuna cewa karnukan buldog na Ingila, masu dakakkiyar fuskar nan, numfashinsu kan ɗauke a barci kamar na mutane. A 1992 Eugene Fletcher ya riƙa rage wa ɓeraye iskar oksijin yana maidowa akai-akai har kwana 35, sai jininsu ya hau. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin Vsevolod Polotsky na Jami'ar Johns Hopkins a 2003: ɓeraye masu ƙiba da aka yi wa irin wannan wasa da iska, jikinsu ya ƙara ƙin jin sinadarin insulin, wanda shi ne ƙofar ciwon suga. Wato ƙiba tana toshe maƙogwaro, toshewar kuma tana iya dagula sugan jini.

To amma a nan ne alƙalaminmu ke yawan zamewa. Ɓeran da ke cikin akwatin gwaji ba a toshe masa maƙogwaro ba, iskar akwatin aka canza masa. Kuma da aka koma kan mutane masu ciwon suga aka ɗaura musu CPAP, na'urar hura iska da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostareliya a 1980, gwaje-gwajen ba su bakin ɗaya ba: wasu sun ga suga ya sauka, wasu ba su ga komai ba. Duk marubucin da ya rubuta "an gano minshari na kawo ciwon suga" ya ɓoye cewa ɓeraye ake nufi, ya ci amanar mai karatu. Kalma uku ce fa, "a jikin ɓeraye", ba za ta cinye maka shafi ba.

Ban ce a daina sa Alhaji minshari ba. A ba shi sauran kayansa dai: gyangyaɗi a kan sitiyari, ciwon kai da asuba, tashi fitsari cikin dare, hawan jinin da ya ƙi jin magani. Hajiya kuma a bar ta ta zauna bakin gado tana ƙirga shirun, don a zahiri ma matar ce kan fara lura, ita ce kuma kan matsa a je asibiti.