Canjina ba sadaka ba ne

Jiya na shiga wani resto a Yantala cin shinkafa da miya ta jika 1 da rabi. Minti 40 ina jira, serbez tana kan WhatsApp. Abinci ya zo da sanyi, na yi haƙuri. Na miƙa jika 2, sai ta ce wai babu canji, in dawo gobe. Dala 100 fa! Kuɗin taksin wani ke nan.

Mai dambu da kopto a Katako, wadda ko tebur ba ta da, yaro take aikawa ya nemo canji, ta ba ka har da godiya. To kai patoron, mi ya hana ka tanadi canji tun da safe? Gobe ina nan dawowa, dala ko ɗaya ban yafe ba.