Zumunci a Ƙafa Yake: Abin da 'Yan Kallo ke Jira daga Rangadin Zari-Ruga

'Yan'uwa ɗalibai, mun sani cewa idan ana maganar wasanni a ɗakunan kwananmu, ƙwallon ƙafa ne sarki, dambe da kokawa kuma na biye. Ƙwallon zari-ruga, watau wasan nan da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, mutum 15 a kowane ɓangare, har tsawon minti 80, bai sami gindin zama a wurinmu ba tukuna. Duk da haka mun ga ya dace mu tofa albarkacin bakinmu a kan rangadin da manyan ƙasashen wannan wasa ke yi wa juna a tsakiyar shekara, da kuma irin burin da 'yan kallo ke ɗorawa a kansa, domin kuwa wasa ne wanda ya taɓa jawo wa ƙasarmu asara babba, kuma har gobe akwai haƙƙin Afirka a cikinsa wanda ba a biya ba.

Ga yadda al'adar take. A watan Yuli ƙasashen Turai, watau Ingila da Faransa da Ailan da Wales da Sukotlan da Italiya, sukan ɗauri kaya su nufi kudancin duniya, su sauka a Afirka ta Kudu ko Niyu Zilan ko Ostireliya ko Ajantina. A watan Nuwamba kuma na kudu su rama ziyara. Turawa na kiran tafiyar Yuli da sunan rangadin bazara, alhali kuwa a ƙasashen da ake zuwa lokacin hunturu ne, mu kuma nan damina ta yi tsaka. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali daga wace kusurwa ake tsara al'amuran wannan wasa.

Al'adar ta daɗe ƙwarai. Tun a 1888 wata ƙungiyar 'yan wasan Birtaniya ta shiga jirgin ruwa zuwa Ostireliya da Niyu Zilan, kuma ita ce tushen ƙungiyar nan ta haɗin gwiwa da ake kira Zakunan Birtaniya da Ailan, wadda ke fita rangadi sau ɗaya a shekara huɗu. A 1905 zuwa 1906 'yan Niyu Zilan, waɗanda ake yi wa laƙabi da All Blacks, sun yi wasanni 35 a tafiya guda, sau ɗaya tak aka ci su, a Kadif, inda Wales ta yi nasara da maki 3 da nema. A 1974 Zakunan sun yi wasanni 22 a Afirka ta Kudu ba a doke su ko sau ɗaya ba. Irin waɗannan labarai ne kakanni suka gadar wa jikoki, kuma su ne suka sa duk lokacin da Yuli ya ƙarato sai zukatan 'yan kallo su tashi.

To, mene ne ɗan kallo yake jira? Abu na farko, ba shakka, nasara ce a gidan abokin hamayya, domin ita ce mizanin da ake auna ƙarfin ƙasa da shi. Cin mutum a gidanka ba abin alfahari ba ne kamar cinsa a gaban iyayensa. Ailan ta shafe fiye da shekara 100 tana karawa da Niyu Zilan kafin ta doke ta a karon farko a 2016, kuma sai a Yulin 2022 ta ci jerin wasanni a can, biyu da ɗaya. A Yulin 2024 Ingila ta faɗi da maki 16 da 15 a Dunedin, sannan 24 da 17 a filin Eden Park na Okland, filin da tun da Faransa ta yi nasara a cikinsa a 1994, aka kai ƙarshen 2025 babu baƙon da ya sake cin All Blacks a ciki. Wales kuwa, wadda ta faɗi sau 18 a jere, ba ta sami sa'ida ba sai a Yulin 2025 a birnin Kobe, inda ta ci Japan da maki 31 da 22. Burin mutumin Dablin da na mutumin Kadif sun bambanta, amma dukansu a rangadi suke neman amsa.

Abu na biyu da ɗan kallo ke jira shi ne a kawo masa gwanayen gaske. A nan ne ake yawan yi masa rowa. A 2025 an yi wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob ta Faransa ranar 28 ga Yuni, wasan farko da Niyu Zilan kuma ranar 5 ga Yuli. Saboda haka Faransa ta bar yawancin manyan 'yan wasanta a gida, ta tafi da matasa, aka cinye ta sau uku a jere. Gaskiya ne matasan sun taka rawar gani, don wasan farko ya tashi 31 da 27. Gaskiya ne kuma jikin ɗan Adam ba ƙarfe ba ne, kuma tun da wasan ya koma sana'ar kuɗi a 1995 ake ta jibga wa 'yan wasa kaya fiye da kima, alhali wasa ne na karo da gwabzawa wanda ke iya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba mu ga laifin mai horarwa da ya hutar da yaransa ba. Laifin yana wuyan masu tsara jadawali, waɗanda ke sayar wa jama'a tikiti da sunan karawar manyan ƙasashe, sun kuwa san ba a bar wa 'yan wasan ko da mako biyu na hutu ba.

Duka waɗannan buri biyu halal ne. Amma a ra'ayinmu akwai buri na uku wanda ya fi su nauyi, wanda kuma 'yan kallon manyan ƙasashe ba su cika damuwa da shi ba, watau tambayar wa ake ziyarta, wa kuma ake tsallakewa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Ƙasar da ka taka ka je, ka shaida wa duniya ke nan cewa ka ɗauke ta tsararka. Wannan ba sabon abu ba ne a wurin 'yan Nijeriya, domin waiwaye adon tafiya.

A zamanin mulkin wariyar launin fata, zari-ruga shi ne wasan da fararen Afirka ta Kudu ke tinƙaho da shi, kuma kowane rangadi da aka kai musu tamkar shaida ce cewa duniya ba ta juya musu baya ba. Niyu Zilan ta yarda ta bar 'yan wasanta na ƙabilar Mawori a gida a tafiyoyin 1928 da 1949 da 1960, don kawai ta faranta wa masu masaukinta. A 1970 da aka yarda su je, sai aka ba su matsayin farar fata na aro. A 1976, makonni kaɗan bayan 'yan sanda sun buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto ranar 16 ga Yuni, All Blacks suka sauka a ƙasar don yin wasa. Majalisar Ƙoli ta Wasanni a Afirka, wadda Abraham Ordia ɗan Nijeriya ke shugabanta, ta nemi a hana Niyu Zilan shiga gasar Olamfik ta Mantariyal. Da aka ƙi, sai ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Nijeriya, suka janye. 'Yan wasanmu da suka shekara huɗu suna shiri suka komo gida hannu rabbana. A 1977 shugabannin ƙasashe renon Ingila suka amince da yarjejeniyar Gleneagles ta nisantar wasa da Afirka ta Kudu, a 1978 kuma Nijeriya ta ƙaurace wa gasar ƙasashen renon Ingila ta Edmonton a kan batun Niyu Zilan ɗin dai. A 1981 da 'yan Springboks suka kai ziyara Niyu Zilan, ƙasar ta rabu gida biyu. Masu zanga-zanga sun mamaye fili a Hamilton har aka soke wasa, a Okland kuma wani ƙaramin jirgin sama ya yi ta jefo ƙunshin fulawa a kan 'yan wasa.

A wancan lokaci masu goyon bayan rangadin cewa suke yi a raba wasa da siyasa, su dai burinsu su ga gwanaye sun kara. Tarihi ya nuna wanda ke da gaskiya. A 1995 Nelson Mandela ya miƙa wa Francois Pienaar kofin duniya a Johannesbag. A 2018 Siya Kolisi ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kyaftin ɗin Springboks, kuma ya ɗaga kofin duniya a 2019 da 2023. A 2025 Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya jagoranci Zakunan zuwa Ostireliya, suka ci jerin wasannin biyu da ɗaya, aka tara 'yan kallo fiye da 90,000 a wasa na biyu a Malbon. Rangadin da aka tsara wa All Blacks a Afirka ta Kudu a 2026, mai wasanni 8, cikakken rangadinsu na farko can tun 1996, ya haɗa da karawa a babban filin da ke gefen Soweto, shekara 50 cif bayan abin da ya faru. Duk wanda ya san inda aka fito zai ji daɗin wannan.

Sai dai an rushe katangar launin fata, an bar katangar kuɗi a tsaye. Bisa al'adar rangadi, mai masauki ne ke riƙe kuɗin ƙofa. Saboda haka ƙasar da manya ba sa zuwa wurinta ba za ta sami kuɗi ba, wadda ba ta da kuɗi ba za ta iya riƙe 'yan wasanta ba, wadda ta rasa 'yan wasa kuma sai a ce ba ta kai a ziyarce ta ba. Mu duba tsibiran tekun Fasifik. Fiji da Samowa da Tonga sun ba duniya gwanaye masu ɗimbin yawa, har ana iya cewa babu wata babbar gasa da ba a ganin 'ya'yansu ko jikokinsu a ciki. Amma sai a 2015 All Blacks suka fara yin wasan ƙasa da ƙasa a Apiya, babban birnin Samowa, alhali tafiyar sa'o'i kaɗan ce a jirgi. A Yulin 2024 kuma da za su kara da Fiji, sai aka kai wasan San Diyego a Amurka. Fijin nan ita ce ta doke Ingila da maki 30 da 22 a Twickenham a 2023, ta kuma doke Sukotlan 29 da 14 a Suva a 2025, da Sukotlan ta yi abin kirki ta taka ta je.

Halin da Afirka ke ciki ya fi haka muni. In aka cire Afirka ta Kudu, wadda ta ci kofin duniya sau huɗu, sauran nahiyar kusan ba a san da ita ba a jadawalin Yuli. Namibiya ta je gasar duniya sau 7 daga 1999 zuwa 2023 ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Ostireliya ta zuba mata 142 da nema a 2003, Faransa ta zuba mata 96 da nema a 2023. Masu kallo sukan yi dariya, amma ina ƙungiya za ta koyi karawa da manya idan sai shekara huɗu-huɗu take haɗuwa da su? Zimbabuwe ta ci kofin Afirka a Kampala a 2025, ta doke Namibiya 30 da 28, ta sami gurbi a gasar duniya ta 2027 a Ostireliya, karo na farko tun 1991. Tambayarmu ita ce, manyan ƙasashe nawa ne za su sa ƙafa a Harare ko Bulawayo kafin ranar?

Masu mulkin wasan sun ce sun kawo gyara. Sun tsara cewa daga 2026 za a haɗa wasannin Yuli da na Nuwamba su zama gasa ɗaya ta ƙasashe 12, watau shida na Turai, huɗu na kudu, da Fiji da Japan, a riƙa yinta shekara bibbiyu, da wani rukuni na biyu a ƙarƙashinta. Hujjarsu ita ce kowane wasa zai sami ma'ana, gidajen talabijin za su ƙara kuɗi, kuma kuɗin zai gangaro ƙasa. Ba mu ce babu alheri a ciki ba, musamman ga Fiji da Japan. Amma an ce babu hawa ko sauka tsakanin rukunan biyu kafin 2030. Ke nan Jojiya, wadda ta doke Italiya da Wales a 2022, da Fotugal, wadda ta doke Fiji a gasar duniya ta 2023, sai su tsaya a bakin ƙofa. Kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a majalisar hukumar wasan ta duniya kowace babbar ƙasa tana da ƙuri'a uku, ƙungiyar zari-ruga ta nahiyar Afirka baki ɗaya kuwa biyu ce da ita. Mai rabo da kansa ba ya ƙwarar kansa.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya kamata ɗan kallo mai adalci ya nema, a duk inda yake. Na farko, a wajabta wa kowace babbar ƙasa ta yi aƙalla wasa ɗaya a gidan ƙaramar ƙasa a cikin kowane zagayen shekara huɗu, a bar mata kuɗin ƙofa. Na biyu, a buɗe hawa da sauka ba tare da jan ƙafa ba. Na uku, a tsara jadawali yadda ɗan wasa zai huta, ɗan kallo kuma ya ga abin da ya biya kuɗi dominsa. Na huɗu kuma namu ne a nan gida. Bai kamata mu tsaya muna tafa wa Itoje alhali filayen jami'o'inmu babu ko turakun wannan wasa ba. Ƙasar da ta haifi 'yan kokawa da 'yan dambe ba za ta rasa ƙarfafan samari da 'yan mata masu gudu ba. Muna kira ga kwamitin wasanni na ƙungiyarmu da ya nemi ƙwallo da mai koyarwa, a fara da nau'in nan na mutum bakwai-bakwai, wanda ba ya bukatar jama'a da yawa, kuma yana cikin wasannin Olamfik tun 2016.

Magabatanmu sun sadaukar da lambobin yabo a 1976 don su nuna cewa inda ƙungiya ta kai ziyara ba ƙaramin al'amari ba ne. Idan Yuli ya zo, mu kalli wasa mu ji daɗi, mu yi wa gwani kirari. Amma in an kawo jadawali, mu ƙirga sunayen da ke ciki, mu kuma tambayi dalilin waɗanda babu. Allah ya sa mu dace, amin.