Ruwa A Farashin Man Gas: Wa Zai Ɗauki Asarar?

Duk ɗan Arewan da ya zauna Ikko ko Badun ko Fatakwal, ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa, ba ya rasa tunanin abin da zai kafa a gida. Wani ya sayi fili, wani shanu, wani kuwa mota ya kan saya ya aika da ita wurin ƙanensa ko ɗan 'yar'uwarsa, ana jigila ana samun na cefane. A unguwar Sintali da ke cikin garin Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, ba a rasa irin waɗannan motoci, watau tifa mai ɗibar yashi, da bas, da motar kaya mai kai doya da masara kasuwa, kuma da yawansu man gas su ke sha. Mai mota yana Kurmi, mota tana Sintali, abin da ya haɗa su sai waya.

To, cikin wayoyin da mai mota ba ya son samu akwai wadda ta fi zuwa da damina. Direba ya ce ya sha mai a gidan mai, bai yi wata tafiya ba sai mota ta fara tari, tana fid da farin hayaƙi, ƙarfinta ya ragu, daga nan ta mutu a bakin hanya. Bakanike ya zo ya kwance matatar mai, sai ga ruwa. Direba ya ce, "Alhaji, ƙaddara ce, sai a aiko da kuɗin gyara." Mai mota ya yi salati, ya aika.

Ƙaddara gaskiya ce, babu Musulmin da ke musunta. Amma fa ruwan nan, ko da daga sama ya sauko, ba kai tsaye ya faɗa tankin mota ba. Wani ne ya auna shi ya sayar, ya kuma karɓi kuɗinsa a farashin man gas, wanda a ƙarshen 2023 lita ɗaya ta haura Naira 1,000. Wanda ya sayar wa mutum ruwa da sunan mai, ko da gangan ko da sakaci, shi ya kamata ya ɗauki asarar, ba wanda ya saya ba.

Ba sai da mugun nufi ruwa ke shiga mai ba. Tankin gidan mai a binne ya ke cikin ƙasa. In murfinsa ya saki, ko gindinsa ya yi tsatsa, ko ruwan sama ya kwanta a bakinsa, kamar yadda a kan gani a Jalingo cikin Agusta da Satumba lokacin da Mayo Gwoi da Lamurde su ke cika, to ruwa zai sami hanya. Ko babu ruwan sama ma, iskar da ke cikin tankin da bai cika ba tana yin raɓa a jikin ƙarfe ta gangara ƙasa. Da ya ke ruwa ya fi gas nauyi, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce alhali ta gas ba ta kai giram 900 ba, sai ya kwanta a gindi ya yi shiru. Yana nan kwance sai ran da mai ya yi ƙasa famfo ya fara jan na gindi, ko kuwa ran da motar dakon mai ta zo ta juye sabon kaya ta dama tankin kamar kunu. Wanda ya sha mai a wannan sa'a shi ne ya shiga uku.

Abin da ya sa ba a yi wa mai gidan mai uzuri shi ne, gano ruwan nan ba shi da wuya ko kaɗan. Akwai wani man shafawa da a ke sayarwa domin wannan aiki kaɗai, a shafa shi a bakin sandar awo a zura cikin tanki, in akwai ruwa sai ya sauya launi, har ya nuna iyakar inda ruwan ya kai. Aikin mintoci kaɗan ne kowace safiya. Wanda ya iya gina gidan mai ba zai ce kuɗin wannan ya gagare shi ba.

Sai dai kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yawancin ɓarnar da ke cin kuɗi ba ruwan ne kaɗai ke yinta ba, har da abin da direba ya yi bayan ya ga alama. Kusan duk motar gas tana da ɗan kasko a gindin matatar mai inda ruwa ke taruwa, da ɗan famfo na tsiyaye shi, wasu ma har da fitila a gaban direba mai kamawa in kaskon ya cika. Direbobi nawa ne ke tsiyaye shi? Wani ma in fitilar ta dame shi sai ya sa a cire wayarta. In kuwa mota ta mutu, sai ya yi ta murza makulli har batir ya ƙare, sa'an nan ya tara yaran unguwa su tura. Duk murzawa ɗaya ƙara tura ruwa ya ke yi cikin famfon injin da nozul.

Nan ne ya kamata mai mota ya san bambancin da da yanzu. Tsohuwar roka ta Marsandi 911, wadda iyaye su ka yi ta safarar goro da shanu da ita, tana da haƙuri. A tsiyaye ta, a fitar mata da iska, ta kama hanya. Injin zamani ba haka ya ke ba. Famfonsa yana matsa mai da ƙarfin da ya ninka iskar tayar ƙaramar mota sau ɗaruruwa, kuma shi kansa gas ɗin ne ke zame masa man shafawa. Ruwa ba ya da santsin nan. Da zarar ya shiga sai ƙarfe ya goga ƙarfe, in kuma ya kwana sai tsatsa ta biyo baya. Gyaran da zai tsaya a kan wanke tanki da sabuwar matata sai ya koma sayen famfo da nozul, kayan da sau da yawa sai an aika Anacha ko Ladipo a Ikko kafin a samu, mota tana zaune makonni babu ko kwabo.

Saboda haka umarnin da mai mota zai bai wa direbansa tun kafin abin ya faru gajere ne. In mota ta fara tari bayan shan mai, ya gangara gefen hanya ya kashe ta, kada ya sake tayarwa. Kada ya yarda a zuba fetur ko kananzir wai don su cinye ruwan, ba sa cinye shi, sai dai su ƙara ƙona famfo. A zuƙe tankin ƙaf, a wanke, a sauya matata, a fitar da iska. Kafin a zubar da ko ɗigo kuwa, a ɗebi man cikin farar kwalba a gaban shaidu. Gas mai kyau garau ya ke. Mai ruwa ya kan yi duhu-duhu kamar hazo, in an ajiye shi ɗan lokaci sai ruwan ya koma gindi, kowa ya gani da idonsa.

Kwalbar nan da rasit su ne dukan shari'ar. Direban da ya koma gidan mai hannu rabbana, abin da za a ce masa shi ne wa ya san inda ya sha. Kuma tambayar tana da ƙarfi, domin wasu direbobin su kan karɓi kuɗin gidan mai su saya wurin 'yan bumburutu a jarka, su soke canji a aljihu. Mazauna Fatakwal da Warri sun fi kowa sanin irin gas ɗin da a ke dafawa a daji, da yadda ya ke bin hanya har Arewa. Wanda ya sayi wannan ba shi da wanda zai kama. Mai motar da ba ya tambayar rasit, ko shaidar biya ta waya, shi ya buɗe wannan ƙofa.

Saura hukuma. A watan Fabrairu na 2022, da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙasar Beljiyam, ƙasa duka ta ɗauka. Kamfanin NNPC ya fito ya yi bayani, aka janye man daga kasuwa, Majalisar Wakilai ta yi bincike, aka yi makonni ana layi a Ikko da Abuja. Daidai ne da aka yi hakan. Amma ba a rasa lura cewa motocin da su ka lalace a lokacin a manyan birane su ke, wasu ma na manya ne. Tifar da ta mutu tsakanin Jalingo da Mutum Biyu ba ta da mai kai kukanta majalisa.

Alhali kuwa doka ba ta bambanta su ba. Dokar man fetur ta 2021 ta rushe tsohuwar DPR ta kafa hukumar NMDPRA, wadda ke ba gidajen mai lasisi, ta ke kuma da ikon rufe wanda ya saɓa. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafin wanda aka sayar wa kaya mara kyau. Abin da a ke nema wurinsu ba babba ba ne: jami'an da ke zagayawa duba ko famfo yana cika lita, su riƙa zura sanda cikin tanki su ma, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, kuma gidan man da aka kama da ruwa kada a tsaya ga rufe shi, a sa shi biyan gyaran motocin da su ka sha a ranar.

Direba ɗaya da kwalbarsa ana iya raina shi. Amma ruwan tanki ba mota ɗaya ya ke kamawa ba. In ya kama ɗaya da safe, kafin azahar ya kama wasu. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ba ta taɓa mance karɓar kuɗin tasha ba, ita ce ta fi kowa damar haɗa waɗannan mutane wuri ɗaya, ta rubuta lambar kowace mota da sa'ar da ta sha mai, shugaban tasha ya ɗauki takardar da kwalabe ya wuce gaba zuwa ofishin manaja.