Ra'ayinmu: Yaron Da Bai Buɗe Baki Ba Yana Da Haƙƙin Ganin Ƙwararre

A 'yan makwannin nan iyaye uku sun kawo kuka ofishin ƙungiya, biyu daga Hausari, ɗaya daga Gwange, kuma damuwarsu iri ɗaya ce. Yaro ya kai shekara uku ko huɗu bai haɗa kalma biyu ba. An kai shi wajen wanzami an yanke linzami, an sha rubutu, an jira, shiru. Ɗaya daga cikinsu ta biya kuɗi mai yawa ga wani da ya kafa allo a ƙofar shago yana cewa shi likitan magana ne. Bayan wata biyar babu canji, mutumin kuma ya tashi.

Muna so jama'armu su sani cewa gyaran magana sana'a ce da ake karanta ta a jami'a, kuma doka ta tsare ta. Tun 1988 aka kafa hukumar MRTB da Doka ta 38, ita ce ke yi wa masu gashin ƙashi na asibiti, da masu gwajin ji, da masu gyaran magana rajista, ta ba su lasisi. Don haka duk wanda ya ce zai gyara wa ɗanka harshe, ka ce ya nuna maka lasisinsa, ka duba sunansa da shekarar da aka sabunta shi. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Wanda ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Amma kafin neman mai gyaran magana, a fara gwada kunne. Yara da yawa da ake cewa suna da nauyin baki, ji ne ba su yi sosai, sakamakon sanƙarau ko ƙyanda ko ruwan kunne da aka yi sakaci da shi. Dattawanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, da yaran da ya bari da kurumta. A je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a roƙi likita ya sada ku da mai lasisi. Gaskiya ce masu wannan aiki ba su da yawa a Arewa. Idan bai samu a kusa ba, a nemi takardar turawa, ko da zuwa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ne. Haka ma magidancin da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, da matashi mai in'ina, duk wannan hanya za su bi.

Abin da ya fi damunmu shi ne tsoro. Wasu iyaye ba su ma je ba, don sun ɗauka sai an nemi takardar shaidar ɗan asalin jiha, su kuwa kakanninsu daga Kano ko Katsina ko Haɗeja suka zo. Jama'a, asibitin koyarwa na Gwamnatin Tarayya ne, na kowane ɗan Nijeriya. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya. Wanda aka kora a ko'ina saboda asalinsa, ya rubuta rana da wuri, ya kawo mana, mu raka shi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam.

Akwai kuma masu cewa wai haɗa Hausa da Barbarci ne ke rikita yaro. Wannan ba haka ba ne. Yaran garin nan sun daɗe suna tashi da harshe biyu ko uku lafiya lau. Kada a hana yaro yaren gidansu. Maimakon haka, a nemi ƙwararren ya yi aiki da Hausa, ko a yarda uwa ta zauna ta yi tafinta, domin ita ce za ta ci gaba da koyarwar a gida.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, kada a ce a bari har ya girma. A taronmu na wata mai zuwa za mu rubuta sunayen gidajen da ke da wannan matsala, mu tafi asibiti a ƙungiyance, mu taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin mota. Kowa ya gaya wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.