Motar Soja da Kuɗin Duwan

 Yau za mu tattauna tambayar da ake yawan yi a rumfuna: sojan da ya sayo mota a wata ƙasa, ya kamata ya biya kuɗin duwan kamar kowa, ko kuwa a ɗauke masa? Mu malaman lakkol da muke koyar da ƴaƴan sojoji da marayunsu, ga abin da muka gani.

Maganar soja a Kurfai maganar gida ce. Tun zamanin Nasara ƙasar nan take ba da samarinta. Seyni Kountché, haifaffen Fandu a yankin Filinge, ya shiga sojan Faransa a 1949, ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Ran 9 ga Janairu 2020 sojoji 89 suka kwanta dama a Cinagodar, arewa da mu. Saboda haka kada wani ya ce ba mu san darajar kaki ba.

Mu fara da lissafi. Tsarin duwan na yankinmu da ya fara aiki a 2015 ya sa tsofaffin ƙananan motoci a ajin kashi 20 cikin 100. Bayan wannan akwai harajin saye, wanda ake ce wa TVA, kashi 19 cikin 100, kuma ana lissafa shi a kan kuɗin mota haɗe da na duwan. Motar da aka yi wa kuɗi sefa miliyan 3 za ta biya jika 600 na duwan, da jika 684 na TVA, ban da ƙananan kuɗaɗe. Wato fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗinta. Wannan kaya ne mai nauyi, ga soja da farar hula baki ɗaya.

Motar da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Lome da takardar wucewa ba ta biyan duwan ɗin Togo, sai ta iso gida ta biya sau ɗaya. Amma sojan da aka tura aiki waje, kamar waɗanda suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali kafin a rufe shi a 2023, in ya sayi mota a can, harajin can yana cikin kuɗinta. Ya dawo gida, a sāke caje shi. Ba shi ya zaɓi tafiyar ba, umurni ya bi. A nan muna tare da shi: kada a yi wa mutum aski biyu a kai ɗaya.

Amurka ta sha wannan gardama, domin a can kowace jiha da harajinta, kuma ana ɗaga soja daga jiha zuwa jiha. Dokarsu ta 1940, wadda aka sabunta a 2003, ta hana jihar da aka tura soja ta karɓi harajin dukiya a kan motarsa in shi ba ɗan jihar ba ne. Amma a 1969 kotun ƙolinsu ta yanke cewa wannan kāriya ba ta shafi harajin saye ba. In soja ya sayi mota, zai biya kamar maƙwabcinsa. Jihohi da dama kuma suna cire abin da mutum ya riga ya biya a wata jiha. Ƙasar da ta fi kowa kashe kuɗi a kan soja ke nan, ta tsaya a kan hana biya biyu.

Masu cewa a yafe wa duk mai kaki duwan gaba ɗaya, muna tambayarsu: wa zai amfana? Ƙaramin soja da ke gadi a dajin Sanam, albashinsa na hatsi ne da kuɗin magani, da ɗan abin da zai aika wa tsohuwarsa. Bai taɓa taya mota ba. Mai manyan galoli ne zai shigo da ita. Bayansa kuma ga dillali, wanda zai ba ƙaramin soja ƴan jikkuna, ya rubuta sunansa a takarda, motar ta wuce kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da baitulmali ya rasa kuwa, a wuyan wa zai faɗa? A wuyan mai sayar da akuya a kasuwar Filinge, da ɗan lakkol da ke karatu a rumfar kara.

Tarihi ma ya gargaɗe mu. A 1918, da Blaise Diagne ya zagaya neman soji don yaƙin Faransa, an yi alkawarin ɗauke wa soja lanho. Kakanninmu sun tafi. Ran 1 ga Disamba 1944, a Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka nemi kuɗinsu na baya an buɗe musu wuta. A Disamba 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinmu, ba a daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai a 2011, bayan mafi yawansu sun rasu. An yi musu alfarma a kan lanho, aka riƙe musu haƙƙinsu na gaskiya. Wanda ya ba ka alfarma da baki, da baki zai karɓe ta.

Don haka ga matsayinmu:

1. Sojan da aka tura waje da umurni, a cire masa harajin da ya biya a can, in ya nuna takarda.

2. Rangwamen ya tsaya a kan mota ɗaya, da sunansa. In ya sayar da ita kafin wa'adin da doka ta sa, ya cika sauran kuɗin.

3. A rubuta ƙa'idar a cikin doka, a karanta ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ta zama ɗaya ga kurtu da kanar.

4. Wanda ya sayo mota don raɗin kansa, ya biya kamar kowa. In duwan ya yi tsada, a rage wa kowa.

5. A sa matan sojojin da suka rasu, da marayunsu, da waɗanda suka naƙasa, a gaba wajen rabon kuɗin ƙasa.

Shugabannin rassa, ku karanta wannan takarda ran kasuwa, ku fassara wa wanda bai yi lakkol ba. Ku gayyato tsofaffin sojoji su zauna a gaba, ku tambaye su abin da ya fi damunsu, motar duwan ko fansho. Ku rubuta amsarsu ku aiko mana. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Allah ya kiyaye ƴaƴanmu da ke bakin daga, ya ba ƙasarmu lafiya.